Riƙon Yara a Ƙasar Tasawa da Mayahi: Daga Gidan Gwaggo zuwa Takardar Alƙali

Gabatarwa

A cikin rahotannin ma'aikatan jin daɗin jama'a da na ƙungiyoyin agaji masu aiki a jahar Maraɗi, akan ci karo da kalmar Faransanci famille d'accueil, wato iyalin da hukuma ta damƙa wa yaron da ba nasu ba domin su kula da shi na wani lokaci. Sau da yawa ana gabatar da wannan tsari tamkar sabon abu ne da za a koya wa mutane. Mu kuwa a wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin nuna cewa an daɗe ana ba da yara ana kuma karɓarsu a ƙasar Tasawa da Mayahi, kuma kalmar riƙo ta sha ɗaukar ma'anoni waɗanda ba su jitu da juna ba. Wani lokaci zumunci take nufi, wani lokaci neman ilimi, wani lokaci kuma mayafi ce da aka lulluɓe bauta da ita. Wanda bai rarrabe waɗannan ba, zai yi wuya ya gane dalilin da ya sa magidanci a Kanan Bakashe ko Korgom zai karɓi ɗan ƙanwarsa ba tare da wata magana ba, amma ya yi jim idan aka ce ya sa hannu a takarda ya karɓi ɗan da bai san asalinsa ba.

Lamarin ba ƙarami ba ne. A ƙidayar jama'a ta 2012 kowace ɗaya daga gundumomin nan biyu ta haura mutum 500,000, kuma binciken lafiya da yawan jama'a na wannan shekara ya nuna cewa mace a jahar Maraɗi tana haihuwar ƴaƴa 8.4 a tsakaice, alhali na ƙasa baki ɗaya 7.6 ne. Inda haihuwa ta yi yawa haka, ga mutuwar aure, ga mutuwar mata wajen haihuwa, ga tafiya ci-rani, dole a sami ɗimbin yaran da ke tashi a hannun wanda bai haife su ba.

Riƙo irin na dangi

Abu na farko da ya kamata mu kawar shi ne zaton cewa ɗan riƙo maraya ne. Galibin ƴaƴan riƙo iyayensu na da rai, kuma sau da yawa suna gari ɗaya da su. Al'adar kunyar ɗan fari ta sa uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna masa so a gaban mutane, don haka in lokacin yaye ya zo, wajen shekara biyu, akan kai shi wurin kaka, kuma ba abin mamaki ba ne ya zauna can har girmansa. Haka nan macen da Allah bai ba haihuwa ba, ko wadda ƴaƴanta ba sa tsayawa, tana da hakkin ta roƙi ɗan'uwanta ya ba ta ɗiya. Akan yi wannan roƙo tun ana goyo, wani lokaci ma tun da ciki, kuma hana ta abin kunya ne ga wanda aka roƙa. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau ta kuma buga a 1954, ya bayyana wannan sosai, domin ita Baba ba ta taɓa haihuwa ba amma ta riƙi ƴaƴan dangi ta aurar da su. Ko da yake Zazzau na da nisa da Gulbin Kaba, duk wanda ya tashi a Mayahi zai gane wannan tsari ba tare da an fassara masa ba.

Zama uwar riƙo ko uban riƙo a wannan tsari ba ya bukatar alƙali, amma yana da sharuɗɗa waɗanda kowa ya sani. Mai riƙo zai ciyar, ya tufatar, ya nemi magani, ya sa yaro makarantar allo, ya yi masa kaciya in namiji ne. Babban sharaɗin kuwa shi ne aure. Matar da ta riƙi yarinya ita ce za ta tara mata kayan ɗaki, kwano da tasa da tabarmi da gado, kuma a ranar biki ne jama'a ke yanke hukunci a kan riƙon da ta yi. Ita ma yarinyar tana da nata aikin: ɗebo ruwa, surfe, daka, raino, da talla. A nan ne ma'amalar ke da fuska biyu, domin kuɗin tallar da yarinya ke kawowa su ne ake cewa ana tara mata na kayan ɗaki, amma ba wanda ke bin lissafin sai uwar riƙon kanta. Binciken Enid Schildkrout a Kano cikin shekarun 1970 ya nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara ga ƙafafun yara. Matar da ba ta da yarinya a ɗaki kusan ba ta da hanyar kai furarta ko ƙosanta kasuwa.

Esther Goody, a aikinta na 1982 kan Gonja ta ƙasar Gana, ta rarraba aikin iyaye kashi-kashi: haihuwa, ba da asali, ciyarwa, horo, da shigar da yaro cikin manya. Ta nuna cewa ana iya miƙa wasu daga cikinsu ga wani ba tare da an miƙa sauran ba. Wannan ya dace da abin da muke gani. A ƙasar Hausa ana miƙa ciyarwa da horo da aurarwa, amma asali ba ya motsi. Ɗan riƙo yana amsa sunan ubansa, yana gadon ubansa, ba ya gadon wanda ya riƙe shi. Shari'ar Musulunci ta ƙarfafa wannan, domin ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzab sun hana a mai da ɗan wani ɗan cikinka, a jingina shi ga wanda ba ubansa ba. Abin da mai riƙo ke iya yi shi ne kyauta tun yana raye, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba. Hanya ɗaya da ke ƙulla dangantaka mai hana aure ita ce shayarwa, shi ya sa jaririn da uwarsa ta rasu wajen haihuwa matsayinsa ya bambanta da na yaron da aka kai bayan yaye. Suzanne Lallemand ta sa wa littafinta na 1993 kan zagayawar yara kalmomi uku, aro da kyauta da musaya. A ƙasar da muke magana a kai, aro ya fi kusa da gaskiya ta fuskar shari'a, ko da yake baki na cewa kyauta.

Akwai kuma saɓani tsakanin littafi da al'ada wanda ke haifar da riƙo mai yawa. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid, in aure ya mutu uwa ce ke da hakkin renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare gidan miji, in kuwa uwar ta yi wani aure hakkin ya koma ga kaka ta wajen uwa, sa'an nan ƴar'uwar uwa. Al'adar ƙasar Maraɗi kuwa ta fi karkata ga cewa ɗa na uba ne, a karɓe shi bayan yaye ko in ya kai wajen shekara bakwai. Uban da ya karɓa ba shi ke reno ba. Ko dai ya bar yaron a hannun kishiyar uwarsa, ko ya miƙa shi ga gwaggo ko kaka. Tatsuniyoyinmu cike suke da marainiyar da kishiyar uwa ke aika wa rafi mai nisa, kuma harshen kansa ya tanadi kalmar agola ga ɗan da ya bi uwarsa gidan wani miji, da kalmar riƙon sakainar kashi ga kulawar da ba ta kai ba. Jama'ar da ta ƙirƙiri waɗannan kalmomi ta san cewa ba kowane riƙo ne alheri ba.

Yaƙi, yunwa da jingina

A ƙarni na 19 ƙasar Tasawa tana tsakanin ƙarfafa uku: Katsinar Fulani a kudu, Damagaram a gabas, Abzinawa a arewa, ita kuma tana cikin da'irar sarautar Katsina da ta koma Maraɗi bayan jihadi. Heinrich Barth ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851 tare da ayarin gishiri daga Abzin, ya tarar da gari mai kasuwa da walwala. Amma ƙauyukan da ke kewaye suna cikin fargabar hari, kuma yara su ne ganimar da ta fi sauƙin kora. Labarin Dorugu, yaron Dambanas ta ƙasar Kance wanda aka kama aka sayar, daga baya Overweg ya ƴanta shi, Barth kuma ya tafi da shi Turai, yana cikin Magana Hausa na Schön na 1885. Shi ne kusan murya ɗaya tilo ta yaro da ta iso mana daga wannan yanki a wannan zamani. A irin wannan hali, yaron da ke zaune gidan da ba na ubansa ba yana iya zama ɗan dangi, ko almajiri, ko bawa, kuma baƙon da ya shigo gidan ba zai iya bambancewa da ido ba, tun da dukansu "Baba" suke ce wa maigida.

Shigowar Nasara ba ta fara da sauƙi ba. Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙare a kusa da Maijirgi a watan Yuli na 1899, ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, tana jan ɗimbin mata da yara da ta kama. Bayan haka dokar 12 ga Disamba 1905 ta haramta bautar da mutum da cinikinsa a Afirka ta Yamma ta Faransa. A ra'ayinmu, wannan doka ce ta fara cusa wa kalmar riƙo ma'anar da ba tata ba. Manya sun iya gudu ko su koma garuruwansu, amma yaron da aka kamo yana ƙarami bai san inda zai koma ba, kuma wanda ke riƙe da shi ya koyi amsar da kwamandan ke son ji: ɗan riƙo ne, maraya ne, amana ce aka bar mini.

Sa'an nan ga yunwa. Ta 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta tarwatsa gidaje daga Damagaram har Katsina. Boureima Alpha Gado, a tarihinsa na yunwa a Sahel da ya fito a 1993, ya bi sawun matakan da iyali ke bi in rumbu ya ƙare: cin ganye da ƴaƴan itace, sayar da dabba, watsewar gida, daga ƙarshe rabuwa da yara. A nan ne jingina ke shigowa, wato a bar yaro, galibi yarinya, a hannun mai hatsi a kan bashi, aikinta ya zama kamar ribar bashin har a fanshe ta. In ba a fansa ba, sau da yawa abin yakan ƙare da aure a cikin gidan, bashin ya zama sadaki. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna yadda bayan hana bauta aikin da bayi mata ke yi ya koma wuyan matan aure da ƙananan mata, har iyakar da ke tsakanin aure da mallaka ta yi duhu. Abin da ya sami aure shi ya sami riƙo.

Hukumar mulkin mallaka ba ta shiga wannan fage da gaske ba. Tasawa ce hedkwatar yankin har 1927 da aka mai da ita Maraɗi, kuma a kotunan ƴan ƙasa al'amuran iyali al'ada ce ke yanke su, da taimakon masu ba da shawara daga fada da malamai. Yaran da hukuma ta ɗauki nauyinsu kai tsaye kaɗan ne ƙwarai, galibi ƴaƴan da Nasara suka haifa da matan ƙasa, waɗanda akan raba su da iyayensu mata a kai su gidan reno na musamman. Wata hanya kuma da hukuma ta taɓa riƙo ba da niyya ba ita ce lakwal. Da aka matsa wa sarakuna da masu gari su kawo yara, da yawa sun ɓoye nasu sun tura ƴaƴan barori da marayu da ƴaƴan riƙo. Abin dariya a nan shi ne wasu daga cikin waɗannan yara da aka sadaukar su ne suka dawo malaman lakwal da akawuna, suna zaune kan kujera ƴaƴan gida na tsaye.

Ba za mu tsaya a kan almajirci ba, domin yana bukatar maƙala tasa. Iyaka mu lura cewa shi ma riƙo ne: uba ya damƙa wa malam ɗansa amana, malam ya tafi da shi Katsina, Daura, Kano ko Zariya da rani. Muddin malam na da gona kuma gari na ciyar da almajiri, tsarin na tsayuwa da ƙafafunsa. Da ya koma birni, kwanon bara ya maye gurbin gona.

Ƙasa ta ƙare

Canjin da ya fi tasiri a kan riƙo, a ganinmu, daga gona ya zo. Daga farkon ƙarni na 20 manoma suka bazu arewa suna saran daji a ƙasar Mayahi da Urafan, sa'an nan noman gyaɗa ya bunƙasa daga shekarun 1930 har farin 1973 da 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya shi. A duk tsawon wannan lokaci ƙasa na da yawa, hannu ne ya yi kaɗan, don haka yaron da aka kawo gandu ƙaruwa ce. Binciken da Claude Raynaut da abokan aikinsa na Jami'ar Bordeaux suka yi a jahar Maraɗi daga ƙarshen shekarun 1970, wanda ya haɗa da garin Sarkin Hausa na ƙasar Mayahi, ya nuna cewa daji ya ƙare, hutun gona ya gushe, gandu na rarrabuwa, ana kuma sayen gona da jinginar da ita. Daga baya Marthe Diarra da Marie Monimart, a 2006, suka nuna cewa a kudancin jahar har mata ana fitar da su daga noma saboda ƙarancin ƙasa.

Sakamakon wannan a kan yara a fili yake. Namijin ɗan riƙo, wanda a da ake yanka masa gayauna in ya tasa, ya zama baki mai ci wanda ba shi da rabo a gonar gidan, kuma in ya koma gidan ubansa yana iya tarar da baffanninsa sun raba gonar tun yana ƙarami. Yarinya kuwa bukatarta ba ta ragu ba, sai ma ƙaruwa, domin birni na neman mai talla da mai aikin gida. Ta haka riƙo ya karkata daga ƙauye zuwa Maraɗi da Yamai da biranen Nijeriya, daga hannun gwaggo ta jini zuwa hannun "gwaggo" wadda ƴar garinsu ce kawai. Yunwar 1984 zuwa 1985, wadda mutane suka sa wa suna El Buhari saboda rufe iyakar Nijeriya, da matsalar abinci ta 2005, wadda jahar Maraɗi ta zama cibiyarta har ƙungiyar Médecins Sans Frontières ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a shekarar, kowace ta ƙara tura yara wannan hanya. Iyakar inda abin ke iya kaiwa ta bayyana a watan Oktoba na 2013, sa'ad da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, 52 daga cikinsu yara, galibi ƴan ƙasar Kance maƙwabciyar Tasawa, a kan hanyar zuwa bara Aljeriya. Binciken da aka yi bayan haka ya nuna cewa matan da ke wannan tafiya sukan ɗauki har yaran da ba nasu ba, waɗanda iyayensu suka ba da su da fatan a kawo musu rabo.

Takardar alƙali

Jamhuriyar Nijar ta gaji tsari mai hawa biyu. Kundin dokokin farar hula na Faransa ya tanadi ɗaukar ɗa irin na Turai, wanda ke ba da suna da gado, amma dokar 16 ga Maris 1962 kan tsarin shari'a ta bar aure, saki, gado da nasaba a hannun al'ada, kuma dokar 2004 da ta maye gurbinta ta bi wannan sawu, da sharaɗin kada al'ada ta saɓa wa yarjejeniyoyin duniya da ƙasa ta amince da su. Yunƙurin kafa dokar iyali ya ci tura a farkon shekarun 1990, ya sake cin tura a 2011. Ke nan riƙon dangi, wanda shi ne mafi yawa, ya ci gaba da tafiya ba rajista ba takarda.

Abin da ya shigo sabo ta wata ƙofa ya shigo. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hakkin yara a 1990, wadda sashenta na 20 ya ambaci kafala ta Musulunci a jerin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyali. An buɗe ƙauyen yara na SOS a Yamai a 1993. Dokar 14 ga Mayu 1999 ta kafa alƙalan yara, dokar 20 ga Nuwamba 2014 ta sabunta ta, kuma a ƙarƙashinsu alƙali na da ikon ɗauke yaron da ke cikin haɗari ya damƙa shi ga dangi, ko wani amintaccen mutum, ko wata cibiya. Dokar 2003 ta mai da bauta laifi, ta 2010 ta hukunta fataucin mutane. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 sun fifita reno cikin iyali a kan gidan marayu, musamman ga ƙananan yara, kuma a 2019 aka kafa kwamitocin kare yara tun daga jaha har ƙauye.

Zama mai riƙo a wannan sabon tsari ya bambanta da na da ta hanyoyi uku. Na ɗaya, ma'aikacin jin daɗin jama'a ne ke zuwa ya duba gida da halin masu shi, maimakon dangi su yi shaida. Na biyu, riƙon na wucin gadi ne, ana neman iyayen yaron domin a mai da shi, alhali riƙon gargajiya aure ne ƙarshensa. Na uku, yaron galibi ba dangi ba ne: jaririn da aka tsinta, yaron da aka dawo da shi daga Aljeriya ko Nijeriya, yarinyar da ta gudu daga auren dole. Waɗannan su ne ainihin yaran da tsohon tsari ya fi kasa ɗauka, domin shi a kan asali aka gina shi. Jaririn da ba a san ubansa ba, wa zai ba da aurensa, wane suna za a rubuta masa a takardar haihuwa? A aikace, tun kafin a san alƙalin yara, irin wannan jariri gidan sarki ko mai gari ko liman ake kai shi, kuma wannan shi ne tsohon tushen da sabon tsarin ke tsaye a kai, ko rahotanni sun faɗa ko ba su faɗa ba.

Maganar kuɗi ita ce ta fi wuya. In ba a taimaka wa gidan da ya karɓi yaro ba, a ƙasar da rumbu ke ƙarewa kafin damina, to masu hali kaɗai za su karɓa, ko kuma waɗanda ke da bukatar aikin yaron. In kuwa an biya, maƙwabta za su ce wane ya mai da maraya sana'a, ladan da ake nema ya zube a idon jama'a, kuma ranar da kuɗin ƙungiya suka tsaya yaron na iya zama kaya. Mun fi karkata ga taimakon da ke bin yaron kansa, hatsi da magani da kayan lakwal da takardar haihuwa, a kan albashin da ke bin mai riƙo, domin ya fi kusa da abin da dangi ke yi in sun aika wa gwaggo damin hatsi da kaka.

Wani gurbi kuma da ya rage shi ne gonar maraya. Shari'a ta wajabta wa wasiyyi ya tsare dukiyar maraya har ya yi hankali, amma a ƙauyukan Tasawa da Mayahi gonar tana hannun baffa, yaron yana hannun dangin uwa, alƙalin yara yana birni, rikicin gona kuma yana fara zuwa gaban mai gari da sarki domin sulhu. Kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta tanada suna iya rubuta shaidar mallakar gona, kuma ba abin da ya hana a rubuta rabon yaro a ranar da ake raba gado, a gaban wanda zai riƙe shi. Aikin da muke ganin ya dace ɗalibanmu su fara da shi shi ne bin rajistocin sulhu na fadar Tasawa da ta Mayahi da na Kanan Bakashe, a ƙirga ƙararrakin gona nawa ne mai ƙara a cikinsu ya tashi a gidan riƙo.